Ja Ko Koriya

Sai da na hau tudun bayan firamare
kafin waya ta kama sabis.
Barira ce daga Budafes,
muryarta na tsinkewa kamar zaren tsohon bargo:
"Baba, an gama jarrabawa.
Shekara uku ina garin nan,
ban san ko'ina ba sai asibiti da ɗaki.
Motocin zaga gari biyu ne, ka zaɓa mini ɗaya."

Ni ɗin?
Ni da na yi shekara ashirin da shida
ina jan kiya-kiya daga Gumel zuwa Maigatari,
awaki a sama, buhun riɗi a ƙarƙashin kujera?

Ta ce ja mai bene ce, samanta ba rufi,
zango ashirin da biyu, tikitin yini guda.
Inda ranka ya so ka sauka, ka ƙoshi da kallo,
wata ta zo ka hau, ba a ƙara maka ko sisi.
Koriyar ta kwana biyu ce, ta fi tsada,
an haɗa ta da jirgin ruwa da dare
a kogin da ya raba garin gida biyu.
Har da abin saƙalawa a kunne,
wani da ba a gani yana ba ka labarin gine-gine
cikin harsuna goma sha shida.
Na ce, da Hausa a ciki?
Ta yi dariya har sabis ya ɗauke.

Na kai maganar teburin Ɗan'azumi,
tsohon yaron motata, yanzu mai shayi.
Ya ce, "Wanda ya sauka ya sauka, maigida,
wace mota ce za ta ɗauki mutum sau biyu a kuɗi ɗaya?
Akwai lauje cikin naɗi."
Hansatu kuwa tana tankaɗe, ba ta ɗago ba:
"Marar rufi sanyi zai kama ta.
Ta ruwan kuma kada in sake ji."
Na yi shiru. Kwalekwale ne ya tafi da yayanta
shekarar da kogin Haɗeja ya cika ya batse.

Da dare na kwanta ina bin hanyata a zuci.
Akwai wani tafki a hannun dama,
bayan kwanar da ƙatuwar tsamiya take,
inda shamuwa ke sauka farkon damina.
Sau dubu nawa na wuce shi?
Kullum ƙafata a kan totur,
kullum ana cewa direba kasuwa za ta watse.
Ban taɓa sanin kalar ruwansa ba.

Da asuba na koma tudu, raɓa har gwiwa.
Na ce, Barira, bar batun launi.
Tambayi minti nawa ne tsakanin mota da mota,
wannan shi ne gaskiyar direba.
Ɗauki ta kwana biyu, zan sayar da tiya huɗu na riɗi.
Ranar farko kada ki sauka, ki zaga ki gane hanya.
Rana ta biyu ki sauka inda ba wanda ya sauka.
Jirgin ruwan, ke da Allah,
amma kada hotonsa ya shigo gidan nan.

Ranar Alhamis na shiga mota a matsayin fasinja.
Daidai tsamiya na bugi ƙarfe, na ce akwai.
Yaron ya karɓi kuɗin Maigatari cif, yana kallona.
Tafkin ya ƙafe rabi,
shamuwa biyu ne kacal, da wani yaro yana wankin babur.
Ruwan kalar kunun kanwa ne.

Motoci bakwai suka wuce ni a cike.
Ina zaune waya ta yi ƙara:
rabin fuskarta, iska ta ture ɗankwali,
da wata gada a bayanta
wadda ban ga ƙarshenta ba.