Matakala Ɗari Uku da Sha Tara

Talata da Alhamis, da an tashi lacca,
nakan bar ƙawayena a teburin shayi,
in hau bas biyu, in hau mai ƙafa uku,
har inda kwalta ta gaji ta tsaya.
Daga nan sai sayyada.
Lima na bayana, ta ja mayafin gajimare,
Villa María na gabana, gidajen katako
sun maƙale a dutse kamar sheƙar rina.

Ba zan yi ƙarya ba, ba tausayi ya kawo ni ba.
Maki ake bayarwa,
ni kuwa lissafin injiniya ya kayar da ni sau biyu.
Mu huɗu jami'a ta turo,
kafin wata ya mutu saura ni da Yovana.

Aka miƙo min sunaye takwas,
an ja jan layi ƙarƙashin guda:
Wilber, shekara sha ɗaya,
ya maimaita aji, ba ya magana.

Mako uku ina tambaya, yana kallon taga.
Bakwai sau takwas? Shiru.
Sai zanen mota a bayan littafi,
kullum mota ɗaya, mai ƙaton ciki.
Allina kuma na ɓacewa ɗaya-ɗaya,
na ɗora wa ɓeraye.

Ran nan tankar ruwa ta yi kuka a gindin dutse.
Bai ɗago ba ya ce,
"Mai shago na sayen ganga sol goma sha biyar.
Jarka tara ce a ciki.
Biyu-biyu take sayar wa kakata.
Uku take ci a kanmu, tana zaune."

Na ajiye littafin gwamnati.
Ashe rijiyar cike take,
guga ce ba a kawo ba.
Daga ranar muka koma jarka:
rabin jarka, kwatan jarka,
jarkar da ke yoyo, nawa za ta kai sama?
Har ya yi dariya sau ɗaya,
na ga ashe yana da wushirya.

Agusta ta zo da sanyi mai shiga ƙashi,
kujerarsa ta kwana shida ba kowa.
Shugabar makaranta ta ɗaga kafaɗa:
"Haka suke, 'yata. Kamar yayyafi."

Na hau.
Matakala rawaya, santsi, karnuka,
ina ƙirgawa don kada in juya.
Doña Eulogia ta tare ni da Kecuwa,
ban ji ko kalma ba, na dai gane hannunta
da ke nuna uwarsa kwance, ƙafa a ɗaure.

A jikin bangon katako, ga allina.
Sunayen maƙwabta a jere,
jarka nawa, an biya, ba a biya ba,
harafi biyu sun juya baya,
amma jimla ba ta da ko tabo.
Na bi ta sau biyu, ni mai jami'a,
ina neman kuskure kamar mai neman uzuri.

Ya iso da jarka a kafaɗa, wuya a jiƙe.
Bai gaishe ni ba.
"Nawa kika samu?"
Na ce ɗari uku da sha bakwai.
Ya girgiza kai.
"Kin tsallake biyun da suka karye.
Su ma ana ƙirga su.
A nan ruwa ke zubewa."

Na ce, Alhamis fa?
Ya ce, "In tanka ba ta zo ba."

Na bar masa sauran allin, ban ce komai ba.
Gobe jarrabawata, ban buɗe ko shafi ba.
Na sauko a hankali, duhu na bin sawuna,
da na zo wurin da ya karye
na tsaya, na sa ƙafa,
na ce ɗaya, na ce biyu.