Allon da Muka Auna a Dutsen Tanshi

Saura kwana sha tara.
Na rubuta da biro a katakon shagona a Wunti,
ƙarƙashin sunayen waɗanda nake bi kuɗin gyara.
Tallan fim ɗin minti biyu ne da 'yan daƙiƙu,
na kalle shi sau arba'in da ɗaya
a wayar wani da ya kawo gyara bai waiwayo ba.
Gilashinta a fashe yake,
tsagar ta ratsa daidai tsakiyar jirgi.

Jirgin ba shi da fiffike.
Yana iyo cikin baƙin da ya fi gindin tukunya,
wata mata a ciki tana kiran gida, gida bai amsa ba.
Ta sauka inda rana biyu ke fitowa tare,
inuwarta ta rabu biyu a kan jan yashi.
Daga nan sai duhu, sai kwanan wata,
sai ni, baki buɗe kamar mai magagi.

Kawu Jatau ya shekara sha shida a ɗakin haske,
zamanin da rufin silima taurari ne.
Har yau da tabon ƙuna a babban yatsansa.
Na ce, Kawu, wannan zaren fim ɗin ya kusa faɗin tafin hannu,
a kwance yake gudu, ba a tsaye ba,
faifansa sai ƙarti sun kama.
Ya ce, allon fa?
Na ce, an ce bene ne mai hawa shida.
Ya ce, "an ce" ba mudu ba ce, ɗauko igiya,
ni ba na sayen zance sai da ragi.

Da la'asar muka je filin ƙwallon yara
da igiyar shanyar Inna Talatu
da toka rabin bokiti.
Faɗi taku talatin da biyu, nawa,
nasa talatin da tara, gwiwa ta tsufa.
Tsayin ne ya gagara, sama ba ta takuwa,
sai muka kwantar da shi a ƙasa kamar tabarma,
ina barbaɗa toka, yana binta da sanda.
Mai tsaron gida ya ce mun cinye masa raga,
'yan wasa suka bi mu da ƙananan zagi.

Ilu dillali ya tsayar da babur bai kashe ba.
Fuloti nawa za ku yanka? Akwai takarda?
Kawu ya ce, wannan ba na sayarwa ba ne,
sararin samaniya za mu zuba a ciki.
Ilu ya dube ni, ya dube shi,
ya ce Allah ya ba da lafiya, a gaida dangi.

Sai Kawu ya ja da baya, ya ja,
har ya jingina da katangar makaranta.
Ya runtse ido ɗaya, ya ɗaga hannu,
yatsan nan mai tabo yana murza iska.
Ya ce, daga nan hasken zai taso.
Ya ce, fitilar da za ta cika wannan, yaro,
sai dai a shayar da ita ruwan kogi.

Ban gaya masa ba:
allon da kuɗin asusuna zai kai ni, kwana guda a mota,
ba zare a bayansa, ba faifai, ba ƙuna,
akwati ne da maɓalli, yaro ma ya danna.
Ban gaya masa kujera ɗaya na iya saya ba.

Magariba ta yi, awaki suka ratsa ta tsakiyar allon,
suka kwashi toka a kofato suka yi gida.
Kawu bai motsa ba.
Ya ce, in ka je, kada ka ƙura wa gaba ido kaɗai,
ka waiwaya sau ɗaya,
ka gano mini tagar majigi.