Kashi Sittin da Uku

A Tampere, daren Laraba, ina barci,
ƙararrawar ƙofata ta fara haɗiyar sabuwar manhaja.
Da safe na tarar da ita tana ƙyafta ido,
shuɗi, ja, shuɗi,
kamar wanda aka katse wa magana a tsakiya.

Wayata ta ce: kashi sittin da uku.
Na sha kofi. Sittin da uku.
Na kwashe dusar ƙanƙara daga matakala,
na dawo na cire safar hannu.
Tana nan, ko gezau.

Na kira 'yata Outi a Oulu,
tana tuƙi, yara na rigima a baya.
Ta ce, Baba, zare na'urar intanet daga wuta,
ƙirga talatin ka mayar.
Na ƙirga arba'in, kada a ce gaggawata ce.
Ta ce, goge manhajar waya ka sake saukewa.
Aka nemi kalmar sirri.
Na same ta a bayan kalanda da rubutun Sirkka,
bakwai ɗinta mai sanda a ƙugu.

Ba ta motsa ba.

Yaron kamfani, Eemeli,
da ladabi, da jin sa daga takarda yake karantowa:
A gindinta akwai ɗan rami,
sa tsinke ka danne daƙiƙa goma sha biyar,
za ta koma yadda ta fito daga kwali.
Na ce, abin da ke cikinta fa?
Ya ce, duk zai tafi, yallaɓai.

Bai san abin da ke ciki ba.
Ran da muka kafa ta, shekara uku ke nan,
Sirkka ta ɗauki muryarta saboda baƙi:
Muna zuwa, ɗan dakata, kaɗe takalmanka.
Daƙiƙa huɗu.
Hotunanta akwati guda, rigunanta na rataye,
amma murya, ita ke nan.
Tun da aka binne ta
mai kawo wasiƙa ya fi ni jin ta.

Na mayar da tsinken aljihu.

Jalmari maƙwabcina, tsohon mai gyaran lif,
ya leƙo ya taɓa ta da bayan hannu.
Sanyi ne, in ji shi. Ashirin da biyu ƙasa da sifiri jiya,
batir ya kasa ana tsaka da aiki.
Kai in aka tashe ka a wannan daren
aka ce haddace littafi, shafi nawa za ka kai?

Muka kwance kusoshi biyu,
ɗaya ya nutse a ƙanƙara, sai bazara.
Na shigo da ita, na naɗe a tawul,
na jona mata caji kusa da na'urar intanet.
Jalmari ya ce kada in taɓa, kada in duba.
Na duba sau goma sha ɗaya.

Ƙarfe uku duhu ya rufe taga.
Ƙarfe biyar saura, sittin da huɗu.
Ban kira kowa ba, kada baki ya yi mata yawa.
Saba'in. Ta daɗe a tamanin da takwas
har miya ta kama a tukunya.
Ɗari.
Idon ya yi fari ya tsaya.

Ban jira in mayar da ita bango ba.
A kan teburin kicin na danna.

Muna zuwa, ɗan dakata.

Sun ce sabuwar manhaja tana tace sauti.
Gaskiyarsu.
A bayan muryarta yanzu akwai buta tana tafasa,
akwai kujera da aka ja,
da wani tsoho daga ɗaki
yana tambaya cikin ƙosawa: Da wa kike magana?

Shekara uku ina ciki ban sani ba.
Na sake dannawa.
Miyar ta gama ƙonewa.