Layi na Ashirin da Uku

Ƙarfe shida na Lahadi, ko sharar coci ba a yi ba,
ina durƙushe bayan bagade
ina warware wayoyi kamar mai tsefe kitson wata uku.
Ta taga Dutsen Kilang na kallona, Kaltungo na hamma.

Layi talatin da biyu gare ni, yatsu goma.
Ganguna sun cinye takwas.
Kibod ya ce shi kaɗai sai biyu.
'Yan kwaya shida, zumuntar mata huɗu,
ɗaya na kai bakin tulun Mama Liyatu,
don shi tulu, in ba ka matso ba,
ba ya gaya maka komai.
Na goma sha tara ya mutu tun damina,
na liƙa masa takarda: kar a taɓa.

Da an ɗauki waƙa sai hannaye su tashi,
ba duka na yabo ba ne.
Lamela na nuna mini sama da ɗan yatsa,
mai jita na taɓa kunnensa,
Tabita ta harare ni ta saman littafi.
Kowa a ƙara masa.
Shekara tara ina nan,
ban ga wanda ya ce a rage shi ba.
In na biye musu, lasifika ta ƙwala ihun nan
mai tada jarirai,
dattawa su juyo gaba ɗaya.
Ranar kaɗai ake tuna akwai mutum a baya.

Sai na koyi ɗaure su dami-dami kamar dawa:
ganguna ƙarƙashin yatsa ɗaya,
mata ƙarƙashin ɗaya,
in ja wannan ƙasa don wancan ya sami wurin numfashi.
Yawancin aikin ragewa ne.

Makon jiya fasto ya ce a yi addu'a a zuci.
Na kashe komai. Janareto kaɗai ke gunaguni a waje.
Sai ga 'yar koriyar wuta tana motsi,
na ashirin da uku,
makirufon da ke maƙale a wuyan rigar Baba Yunana.
Ya karanta sanarwa, ya manta bai cire ba.
A abin kunnena na ji shi, can ƙasa-ƙasa:
sunan ɗansa, gadon asibiti a Gombe,
buhun wake biyu da suka rage,
sai wata kalma da ta karye a tsakiya.

Ba ta kai lasifika ba, na duba sau biyu.
Na zare abin kunnen na ajiye.
Wannan layin ba ni aka ba ba.

Na zauna ina kallon wutar
tana hawa, tana sauka,
har aka ce amin
mai ganga ya ɗaga sanda.