Makarar Talata

Na rubuta BINCIKE a allo, allin ya karye biyu.
'Yan aji biyar suka tuntsire da dariya.
Sambo ya ce, "Malam, irin na 'yan sanda?"
Na ce kusan haka, sai dai ba a kama kowa.
Tambaya ake kamawa,
a riƙe ta da kyau har ta yi magana.

Na ce, "An ce" baƙo ne marar gida.
In ya yi muku sallama, ku tsare shi a zaure:
wa ya ce? yaushe? ya gani ne, ko shi ma ji ya yi?
Sannan ku kawo mini tambaya guda,
'yar ƙarama, mai shiga aljihu.
Ba a kwashe kogin Kaduna da ludayi.

Rifkatu, da sai an kira ta sau uku take amsawa,
ta ɗaga hannu rabi.
"Me ya sa aka fi makara ranar Talata?"
Na ce lalaci mana.
Shekara tara ina bakin get da tsumagiya, ni za a faɗa wa?
Ta dubi teburinta, ta ce a hankali,
"Malam, wa ya ce?"

Na haɗiye yawu.
Na ce to, nawa zato ne.
Ku rubuta shi a saman takarda, ku je ku gwada ƙarfinsa.

Suka ari rajista a ofis, ta mako shida.
Suka ja layi da rula, suka ƙirga, suka ɓata,
suka sake daga farko.
Sambo ya zo da shafi biyu da ya kwafo a waya,
Turanci sumul kamar an goge da dutsen guga.
Na nuna kalma ɗaya, na ce fassara.
Ya sosa ƙeya.
Na ce tuwon wani ka ɗauko, har da kwanon.
Aro ba laifi ba ne,
amma ka faɗi sunan mai shi.

Sai tambayar mutane.
A nemi izini, na ce, kada a rubuta sunan kowa,
kada ku sa wa mutum amsa a baki.
Ƙarƙashin darbejiya, lokacin tara,
na hango Rifkatu tana sauraro,
biro a hannu, ba ta katse kowa.

Ranar Juma'a suka tsaya gaban aji.
Mutum arba'in da ɗaya.
Ashirin da tara daga layukan bayan dogo, a Rigasa.
Daren Talata ake sako musu famfo,
wajen ƙarfe uku,
in rana ta fito ya ɗauke sai wani mako.
Jarka, bokiti, layi har bakin kwata,
sannan wanka, sannan yunifom, sannan gudu.
Takwas, rashin kuɗin keke.
"Huɗu kuma barci ne, Malam," in ji Sambo,
"ba ka faɗi duka ba."

Rifkatu ta juya shafin ƙarshe.
"Makarantarmu kaɗai muka duba.
Ta Kawo, ba mu sani ba.
Da damina muka ƙirga, na rani sai an sake."
Wannan ban koya mata ba tukuna.
Darasin mako mai zuwa ne.

Talata ta zagayo.
Na tsaya bakin get, tsumagiya na can bayan kabad.
Takwas da kwata, ga wani yaro yana haki,
ƙafar wandonsa jiƙe,
shatin hannun jarka kwance a tafinsa.
Shekara tara ina dukan wannan tafi,
ban taɓa karanta shi ba.
Na ce wuce.

Sambo ya biyo ni har baranda.
"Malam, to me ya sa sai Talata ake sako ruwan?"
Na ce ban sani ba.
Ɗauko biro.