Tambaya ta Huɗu

Daga Dutse na taso da tambaya ashirin da bakwai,
an buga su tsaf a farar takarda,
da 'yar rikoda a aljihun gaba.
Sai da ɗan acaɓa ya sauke ni bayan Jahun na tuna:
me rikoda za ta kama
wurin mutumin da hannunsa ne bakinsa?

A aji Dakta Yalwa ta ce mana,
cuta daban, nakasa daban.
Ta farko a jiki take kwana,
ta biyu jama'a ke gina ta, tubali bisa tubali.
Na rubuta, na ja layi biyu,
na ci jarrabawa.

Baffa Tanimu yana ɗan shekara bakwai aka yi sanƙarau.
Inna ta ce iska ce ta mare shi gindin tsamiya da almuru.
Liman ya ce rabo ne, ya ba da rubutu.
Malamin asibiti ya ce zazzaɓi ya ƙone jijiya.
Shafi uku na cika da su.
Shi kuwa, shekara hamsin, ba wanda ya tambaye shi.

Na same shi a maƙera.
Ya ajiye masaba, ya taɓa girar hagu da yatsa biyu.
Sunana ke nan a wurinsa
tun ranar da jakin Barau ya kayar da ni kan turmi.

Tambaya ta huɗu: me ka rasa?
Na yi ta da hannu, da ƙyar,
kamar mai tuƙa tuwo da tsinke.
Ya dube ni.
Ya laluba aljihu, ya zazzage hula,
ya ɗaga tabarma ya leƙa,
sannan ya buɗe tafuka: komai na nan.
Yaron zugazugi har da riƙe ciki.

Bayan la'asar abokansa suka zo, su huɗu.
Hannuwa suka tashi kamar tsuntsaye a gonar gero:
tsadar taki, bashin wani, wa ya kayar da wa a kokawa.
Mai shayi ma, da kunnensa garau, ya tsoma nasa hannun.
Cikin goma ina tsintar ɗaya.
Suna dariya, ina bi daga baya,
kamar wanda ya zo salla an kai raka'a ta uku.

Da magariba ta kawo jiki, shi kaɗai ya koma kan tambayata.
Ya nuna ciki, ya nuna Ladidi, ya nuna hanyar asibiti.
Kwana biyu yana kan benci.
Masu fararen kaya suna wucewa, baki na motsi, baki na motsi.
Ba wanda ya ɗaga yatsa.
A fuskar mai shara ya karanta cewa ɗan bai zo da rai ba.
Can, in ji hannunsa, can ne aka mai da ni kurma.
Ya tattara garwashi ya rufe da toka.

Yau ina ɗakin kwanan ɗalibai, na kunna rikoda.
Awa biyu cur:
masaba, huci na zugazugi, wata kaza,
dariyar maza biyar,
da wani dogon shiru wajen ƙarshe.
Shi nake ta maimaitawa.
Gobe Dakta za ta ce in kawo babi na huɗu.