Kek Ɗin Da Ba A Juyawa

Ranar da za a kwance wa Inna ido
na tashi tun kiran assalatu
ina neman abin da zan ba hannuna
don ya daina rawa.

Uwale ce ta koya min, ran kasuwar Ringim,
muna tsaye bayan rumfar masu gishiri.
Ta ce: zubawa kawai ake, Barira,
ki zuba, ki rufe, ki kama gabanki.
Na ce abincin da bai ga muciya ba
ai raggon abinci ne.
Ta yi dariya har kallabinta ya zame.

Ayaba huɗu da suka nuna luguf
na yanka a gindin ƙaramar tukunya.
Fulawa gwangwani biyu, sukari ɗaya,
bekin hoda a bakin cokali,
garin cakulan daga teburin Mati mai shayi,
ƙulli uku, bashi, sai an sayar da riɗi.
Na kaɗa su a bushe, na yafa bisa ayabar
kamar mai yafa irin alayyafo.
Madara ta bi ta kai, ta nemi hanyarta.
Man shanun da Jumare ta kawo daga ruga
na ɗiga nan, na ɗiga can,
ya zauna tsibi-tsibi yana kallona.

Nan ne aikin ya yi wuya.
Shekara ashirin ina tuƙa tuwo,
hannuna ya san gudaji kamar abokin gaba,
ga gari a fili yana min gwalo,
ga muciya a jingine jikin rumbu.
Sai na tuna likitan Dutse jiya
da ya liƙa wa Inna auduga a fuska:
kada a taɓa, kada a leƙa,
ku bar shi ya yi aikinsa cikin duhu.

Na zuba yashin rafi a babbar tukunya,
na ɗora ƙaramar a kai, na rufe.
Wuta kaɗan a ƙasa,
garwashi bisa murfi.
Na zauna kan turmi na danne hannuna da cinya.

Ƙamshi ya tsallake zana kafin hantsi.
'Ya'yan maƙwabta suka zo aron ashana,
su biyar, ashana ɗaya.
Akuyar Gambo ma ta leƙo.

Da azahar na ji ƙugin babur a ƙofar gida.
Shekara uku Ɗanliti ke jan sandarta,
yau ta shigo ita kaɗai, yana biye
da sandar a kafaɗa kamar ɗan tauri.
Ta tsaya tsakar gida.
Ta ce dalbejiyar nan yaushe ta wuce katanga?
Ta dube ni, ta daɗe.
Ta ce ke ma furfura?

Ban iya magana ba, sai na buɗe murfi.

Ta sunkuya, ta kanne ɗaya idon,
ta ce Allah ya buɗe min gani
don in ga ɗiyata ta ƙona abinci.
Na ce cakulan ne, Inna, haka launinsa yake.
Ta ce ko sunansa alhaji ne,
baƙi ne wuluk kamar gindin kasko.

Gaskiya gefen da ke kallon iska ya ƙone.
Tsakiyar kuwa ta yi laushi, ta jiƙe da ayaba,
saman ya yi ɓawo yana ƙaras-ƙaras.
Ta ɗiba da yatsa biyu, ta hura, ta kai baki.
Ta rufe idon da aka sha wuya aka buɗe.

Ba ta yaba ba, Inna ba ta yabo.
Yara sun samu loma-loma sun watse.
Da la'asar ina shara na jiyo ƙarar cokali:
tana ɗaki, tukunya a cinya,
tana kankare ƙanzo,
tana ɗaga kowane ɓaɓɓake wajen hasken taga
ta kalle shi sosai kafin ta ci.